Ambaliyar Katagum: Manhajar da za ta nuna ruwa kafin ya iso

A watan Agustan 2024, bayan an kwashe kwanaki ana tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a tsakanin Jama'are da Azare. Manyan motoci suka yi jerin gwano, direbobi suka shiga neman zagaye, fatake da marasa lafiya suka yi cirko-cirko a bakin hanya. Shekara biyu kafin nan, a daminar 2022, ƙananan hukumomin Zaki da Gamawa ne suka ɗanɗana kuɗarsu, inda ruwa ya shanye gonaki, ya rushe gidaje, ya raba garuruwa da 'yan'uwansu. A wannan shekara, alƙaluman gwamnatin tarayya sun nuna cewa sama da mutum 600 ne suka rasu a faɗin Nijeriya, kimanin miliyan 1.4 kuma suka bar muhallansu.

A ranar da titin ya yanke, kamar kowace rana, wasu manyan kwamfutoci a birnin Bologna na ƙasar Italiya sun yi lissafin yawan ruwan da ake sa ran zai bi manyan kogunan duniya a makonnin da ke tafe. Kogin Jama'are yana cikin lissafin. Sakamakon kuwa a buɗe yake a intanet ga duk wanda ya san ƙofar shiga.

Tsakanin wancan lissafi da manomin shinkafa a fadamar Zaki akwai tazarar da ba a auna ta da kilomita. Abin da zai rage ta wata ƙaramar manhaja ce, wadda za ta haɗu da waɗancan kwamfutoci, ta ɗauko abin da ya shafi ƙasar Katagum kaɗai, ta zana shi yadda hakimi da jami'in agaji za su gane da kallo ɗaya. Masana na kiran irinta manhajar nuni. Rubuta ta bai fi ƙarfin matasan yankin ba, amma rubuta wadda ba za ta yaudari mai kallo ba yana buƙatar sanin kwamfuta da sanin kogi a lokaci guda.

Ruwan da ke fitowa daga nesa

Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos ya samo asali. A sashensa na sama ana kiransa Bunga. Yakan gangaro arewa maso gabas ta ƙasar Ningi, ya bi ta Shira da garin Jama'are da Itas, ya wuce ta gefen garin Katagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, kafin ya haɗu da ruwan Kogin Haɗejiya su zama Kogin Yobe, wanda ke ƙarewa a Tafkin Chadi. A bakin wannan kogi Malam Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, a nan kuma Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a watan Janairun 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Sai a zamanin Turawan mulki aka mayar da fadar masarautar Azare.

Wannan shimfiɗa ta ƙasa tana ɗauke da haɗari, tana kuma ɗauke da dama. Haɗarin shi ne, ruwan da zai cinye gona a Zaki yana iya kasancewa ya sauka ne a Filato, alhali sararin samaniyar Katagum fes yake, babu ko gajimare. Damar kuwa ita ce, ruwan yana buƙatar lokaci kafin ya iso. Wannan lokaci shi ne jarin duk wani gargaɗi: a cikinsa ake kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi tudu, a ɗauke tsofaffi da yara.

Akwai kuma bambanci tsakanin kogunan biyu. A ɓangaren Haɗejiya akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa da aka kammala a 1992, don haka yawan ruwan da ke sauka ya danganta da shawarar masu kula da ƙofofinsu. Kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa. Abin da sama ta zubar, shi ne ke tafowa. Sai dai da ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Zaki, yakan rarrabu rassa-rassa a tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, ya malala cikin fadamu, ta yadda tashin ruwa kaɗan kan mamaye fili mai faɗi.

Kwaikwayon da aka rarraba

Kwaikwayon kwamfuta shi ne a gina siffar wani abu da lissafi, a bar ta ta yi tafiya cikin lokaci, a ga abin da zai faru. Idan abin ya yi girma, ko kuma masu ruwa da tsaki a cikinsa suna wurare daban-daban, sai a raba aikin ga kwamfutoci da yawa, kowace ta riƙe nata kaso, suna aika wa juna saƙo ta hanyar sadarwa. Wannan shi ne kwaikwayon da aka rarraba.

Sojojin Amurka ne suka fara ba shi muhimmanci. A 1983 hukumar bincikensu ta DARPA ta soma wani shiri mai suna SIMNET, wanda ya haɗa na'urorin koyon tuƙin tankokin yaƙi da ke sansanoni daban-daban, har a Jamus, suka riƙa atisaye a fili ɗaya na kwamfuta. Daga nan aka samar da ƙa'idar DIS, wadda cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ita a 1993 da lamba 1278, sai kuma ƙa'idar HLA mai lamba 1516 a shekarar 2000.

Dabaru uku da aka koya a can suna da amfani ga mai son kallon kogi.

Ta farko, babu kwamfuta ɗaya da ta mallaki komai. Kowace tana da abin da take shelantawa da abin da take sauraro. Manhajar nuni ita ce baƙuwar da ke shiga taron ta zauna shiru: tana jin abin da ta nema, tana zana shi a allo, ba ta taɓa lissafin kowa.

Ta biyu, ba a aika saƙo kowane daƙiƙa, domin layin sadarwa ba zai ɗauka ba. Idan aka ce wata mota ta bar Azare da ƙarfe 8 tana gudun kilomita 60 a awa, mai jira a Potiskum zai iya ƙiyasta inda take ba tare da an yi masa waya ba. Sai idan ta tsaya ko ta sauya gudu ne ake buƙatar sabon labari. Haka kwamfutocin suke yi, kowace tana ƙiyasi har sai gyara ya zo.

Ta uku ita ce mafi nauyi. A ƙa'idar DIS, ko da abu bai motsa ba, an tsara ya riƙa aika saƙon "ina nan" duk daƙiƙa 5. Idan aka yi daƙiƙa 12 ba a ji ɗuriyarsa ba, sai a ɗauka ya fita, a cire shi daga allo. Masu tsarin sun gane cewa shiru iri biyu ne: akwai na lafiya, akwai na yankewar waya, kuma allon da bai bambanta su ba yana iya jefa mutane cikin halaka.

Sarƙar da ke lissafa Kogin Jama'are

Tsarin hasashen ambaliya ba ya amfani da ƙa'idojin sojoji, amma gininsa iri ɗaya ne. Taurarin ɗan'adam da tashoshin yanayi suna aika abin da suka auna. Wani kwaikwayo ya lissafa ruwan saman da ake sa ran zai sauka. Wani ya karɓa, ya lissafa nawa ƙasa za ta shanye, nawa rana za ta ɗauke, nawa zai gangara kogi. Wani kuma ya ƙiyasta filin da zai nutse. Kowane mataki yana iya zama a wata ƙasa, a hannun wata hukuma.

Mafi faɗi a cikinsu shi ne GloFAS, tsarin Tarayyar Turai a ƙarƙashin shirin Copernicus, wanda Cibiyar Hasashen Yanayi ta Turai, ECMWF, ke tafiyar da lissafinsa. Yana amfani da wani tsarin lissafin ruwa mai suna LISFLOOD, yana raba doron ƙasa gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida kimanin kilomita 5 tsawo da faɗi tun daga gyaran da aka yi masa a 2023. A lokacin, hasashensa na kaiwa kwana 30.

Na biyu shi ne FANFAR, shirin da aka fara a 2018 domin Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin jagorancin hukumar yanayi da ruwa ta Suwidin, tare da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da Hukumar Kula da Bayanan Ruwa ta Nijeriya, NIHSA. An tsara shi tare da ma'aikatan ruwa da na agaji daga ƙasashe 17, kuma yana da shafin nuni nasa. Wani abu da ya fito fili a tarurrukan tsara shi shi ne, masu amfani sun fifita tsarin da zai yi aiki ba yankewa, ya ba da sahihin hasashe a kan lokaci, a kan wanda aka cika da ƙawa.

Na uku shi ne Flood Hub na kamfanin Google, wanda ya shigo da Nijeriya a ƙarshen 2022. Yana amfani da ƙirƙirarriyar basira, yana ba da hasashen da ke kaiwa kwana 7.

A cikin gida, NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya na shekara tun 2013, Hukumar NiMet kuma tana fitar da na damina. Suna da amfani wajen shiri, domin suna ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Amma mai gona a Sakwa ya riga ya san garinsu na cikin haɗari. Tambayarsa ita ce: yaushe, kuma har ina?

Aikin mai rubuta manhaja

A ɗauka wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau ta ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatunta. Matakin farko, wato haɗa manhajarta da tushen bayanai, shi ne mafi sauƙi. Masu waɗannan tsare-tsare sukan buɗe ƙofar da manhaja ke magana da manhaja: a yi rajista, a karɓi mabuɗi, a aika tambaya, amsa ta dawo. GloFAS yana ba da taswirori da aka riga aka zana, yana kuma ba da ɗanyen alƙaluma. Akwai ƙa'idojin duniya na musayar bayanan ruwa, irin su WaterML 2.0, domin kada kowa ya ƙirƙiri harshensa. Ɗalibar za ta iyakance buƙatarta ga gidajen da kogin ya ratsa daga Bunga zuwa Katagum, ta bar sauran duniya.

Wahalar tana farawa ne bayan amsa ta iso.

Sai ta fara da wuri. Kwaikwayo bai san Disina ko Itas ba, lambobin kusurwa kawai ya sani. Gida mai faɗin kilomita 5 yana iya haɗiye ƙauyuka da dama, wani a tudu, wani a kwari. Kogin da ke cikin kwamfuta ma yakan kauce wa na zahiri da gida ɗaya ko biyu, musamman a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inda rassa ke sauya hanya. Idan ta zaɓi gidan da ke maƙwabtaka da wanda kogin yake, manhajar za ta riƙa nuna ɗan ruwan rafi alhali babban kogi na tumbatsa. Babu littafin da zai gyara mata wannan. Sai ta je ta ga wurin, ta zauna da masunta da sarakunan ruwa.

Sai lokaci. Kowane adadi yana tafe da lokuta uku: lokacin da aka yi lissafin, lokacin da lissafin ke magana a kansa, da lokacin da ya iso. Waɗannan kwamfutoci da agogon duniya suke aiki, wanda Nijeriya ke gabansa da awa ɗaya. Saƙonni kuma ba lallai su iso a jere ba, na jiya yana iya biyo bayan na yau. Manhajar da ke ɗaukar saƙon ƙarshe a matsayin mafi sabo za ta iya shafe gargaɗin yau da kwanciyar hankalin jiya.

Sai ma'auni. Kwaikwayo yana faɗin yawan ruwa ne da mita kubik a daƙiƙa. Ɗaya daga ciki lita 1,000 ce, wato jarka 40 masu cin lita 25 suna wucewa kowane daƙiƙa. Amma ba wanda ke tambayar yawan jarkoki. Abin da ake tambaya shi ne ko ruwa zai kai gindin gada, ko zai shiga kasuwa. Juya yawan ruwa zuwa tsayinsa yana buƙatar a auna kogin a wurin, a yanayi daban-daban, kuma a sake aunawa idan rairayi ya cike shi ko ya zaizaye.

Sai kuma batun launi. GloFAS da Flood Hub suna kwatanta hasashe da matakai uku: ruwan da akan gani sau ɗaya a shekara 2, a shekara 5, da a shekara 20. Jama'a kan fahimci na ƙarshen da cewa idan ya zo bana, an huta har shekara 20. Ainihin ma'anarsa ita ce, a kowace damina yana da yiwuwar kashi 5 cikin 100, don haka yana iya zuwa bana ya kuma dawo baɗi. Fassara wannan zuwa Hausar da ba za ta ɓatar ba, aiki ne da ya kai rubuta manhajar kanta nauyi.

Allon da ke faɗin gaskiya

GloFAS ba amsa ɗaya yake bayarwa ba. Ana maimaita lissafin sau 51, kowane da ɗan bambanci a yanayin farawa, kamar a tara dattawa 51 a tambaye su abu guda. Idan 45 suka ce ruwa zai haura matakin haɗari, magana ta yi ƙarfi. Idan 8 ne kawai, akwai abin lura, amma bai kai a tashi gari ba. Mai rubuta manhaja yakan ji sha'awar haɗe su ya zana layi ɗaya mai kyan gani. Yin haka yana ɓoye abin da mai yanke shawara ya fi buƙata, wato ƙarfin tabbaci. Gargaɗin da bai tabbata ba yana da tsada: wanda aka sa ya yanke shinkafarsa ɗanya, ruwa kuma bai zo ba, ba zai sake sauraro ba. Wanda aka ce masa ya kwantar da hankali ruwa ya cinye shi kuwa, asararsa ta fi.

A nan ne darasin saƙon "ina nan" yake shigowa. A ƙasar Katagum, lokacin da aka fi buƙatar manhajar shi ne lokacin da hadari ya ɗauke wuta, layin waya ya yi rauni. Idan haɗin ya yanke, manhaja mara tsari za ta ci gaba da nuna taswirar shekaranjiya, koriya shar, kamar lafiya lau. Dole a rubuta ta yadda za ta nuna shekarun bayananta da manyan baƙaƙe, ta dusashe launin idan sun tsufa, ta faɗa ƙarara cewa rabonta da sabon labari awa kaza ne. Taswirar da ba ta nuna komai ta fi wadda ke nuna tsohon labari a matsayin sabo.

Haka kuma dole ta zama mara nauyi. Taswirar ƙasa da sunayen garuruwa a ajiye su cikin wayar tun farko, abin da za a riƙa saukowa kullum ya zama 'yan lambobi kaɗan. Maimakon kowace waya ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofar Turai, gara a sami kwamfuta ɗaya a tsakiya, mai wutar sola, ta karɓo sau ɗaya ta rarraba. Hoto mai motsi da ke nuna ruwa na malala yana burge baƙi a ɗakin taro, amma jami'in da ke Gamawa da tsohuwar waya ya fi buƙatar jerin garuruwa, da rana, da launi.

Kogin da ba a aunawa

Duk ingancin allo, bai wuce ingancin abin da aka ba shi ba. Ana gyara kwaikwayon kogi ne ta hanyar kwatanta lissafinsa da abin da aka auna a zahiri shekara da shekaru. A kwarin Haɗejiya da Jama'are an kafa ma'aunai a wurare irin su Wudil, Haɗejiya, Bunga da Gashuwa, amma masu bincike sun daɗe suna kuka da giɓin da ke cikin bayanan kwarin. Inda babu awo, kwaikwayo na tafiya ne da zato.

Akwai kuma abubuwan da tsarin duniya ba ya gani da kyau. An gina shi ne domin manyan koguna. Ruwan sama mai ƙarfi da ya sauka dare ɗaya a kan gari, ya toshe kwalbati, ya ɓalle titi, yana iya faruwa ba tare da layin kogi ya motsa ba. Azare kanta ba a bakin Kogin Jama'are take ba, don haka manhajar da za ta yi mata amfani sai ta haɗa da hasashen ruwan sama. Kwaikwayo kuma bai san lafiyar gini ba. Abin da ya sami Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya nuna iyakar kowane lissafin da ya ɗauka cewa bango zai tsaya. Ko ciyawar kacalla da ke toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru tana sauya inda ruwa ke bi ba tare da kwamfutar Bologna ta sani ba.

Saboda haka bai kamata manhajar Katagum ta tsaya a matsayin baƙuwa mai sauraro kawai ba. Sandar awo mai lambobi a jikin gada, da mutum ɗaya amintacce da zai karanta ta safe da yamma ya aika ta waya, sun isa a fara. Idan aka jera nasa adadin kusa da na kwaikwayo a allo ɗaya, cikin damina biyu ko uku za a san inda kwaikwayon ke zarcewa da inda yake gazawa. Ruwan da aka gani da ido a Bunga kuwa shi ne mafi ingancin labari ga mutanen Itas da Zaki.

Lokacin da lissafi ya shiga muhawara

Wannan kwari ya taɓa ganin tasirin kwaikwayo. A farkon shekarun 1990, masana daga Kwalejin Jami'a ta Landan, G. E. Hollis da J. R. Thompson, sun gina tsarin lissafin ruwan fadamun Haɗejiya da Nguru, domin gano yadda madatsu da manyan ayyukan ban ruwa za su rage faɗin ambaliyar da noma da kiwo da su suka dogara a kanta. A 1998 Thompson da masanin tattalin arziki Edward Barbier suka wallafa nazarin da ya nuna cewa ribar ayyukan ban ruwan da ke sama ba za ta cike asarar da za a yi a fadamun ƙasa ba.

Wannan ya shafi Bauchi kai tsaye, saboda madatsar Kafin Zaki da aka tsara ginawa a kan Kogin Jama'are a ƙasar Ningi. An ba da kwangilarta a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka soke, aka farfaɗo da ita, aka sake sokewa. Masu goyon baya a Bauchi suna hangen noman rani da rage ambaliya. Al'ummomin Yobe da Borno suna tsoron ƙafewar kogin da suke sha. A 2006 jihohi shida na kwarin, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da shi.

Abin lura shi ne, a ƙasar Katagum ambaliya ba abokiyar gaba ba ce a kowane hali. Ita ke jiƙa fadama, ta kawo kifi, ta cika rijiyoyi. Manhajar da ta san ja da kore kawai ba ta fahimci kogin ba. Manomi na son sanin ranar da ruwa zai zo, yana kuma son sanin ranar da zai janye, domin a nan shukarsa ta rani take.

Daga allo zuwa gangami

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta burin ganin kowane mutum a duniya yana ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027. A shekarar ce kuma ƙungiyar agaji ta IRC ta gwada raba wa wasu magidanta a Jihar Adamawa kuɗi kafin ambaliya ta iso, bisa hasashe, maimakon jiran ta yi ɓarna. Irin wannan mataki ba ya yiwuwa sai an riga an amince da adadin da idan aka kai shi za a motsa, da wanda zai ba da umarni.

Wannan ne ya sa manhajar ba za ta zama ta ɗaliba ita kaɗai ba. Fitar da gargaɗi a hukumance haƙƙin hukumomi ne, irin su NIHSA da NEMA da hukumar agajin gaggawa ta jiha, kuma allo mai yaɗa firgici ba da izini ba yana iya zama fitina. Wurin manhajar shi ne teburin waɗanda za su yanke shawara a ƙananan hukumomi bakwai na Bauchi ta Arewa. Daga nan saƙon ya bi hanyoyin da jama'a suka riga suka yarda da su: rediyo, lasifikar masallaci, hakimi zuwa dagaci, dagaci zuwa mai unguwa. Akwai ma ƙa'idar duniya mai suna CAP, wadda ke ba da damar rubuta gargaɗi sau ɗaya ya fita ta saƙon waya da rediyo da intanet ba tare da ya sauya ma'ana ba.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta ɗaya da wutar sola, 'yan sandunan awo, alawus ɗin masu karanta su, da yarjejeniya tsakanin jami'a da hukumomi domin kada aikin ya mutu ranar da ɗalibar ta karɓi shaidarta. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi wuya, domin masu tsare-tsaren duniya sukan sauya fasalin bayanansu, kuma manhajar da ba mai kula da ita takan daina aiki ba tare da kowa ya lura ba.

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Sandar awo a cikin rani ake kafa ta, lokacin da ake taka rairayin Kogin Jama'are da ƙafa. A rani ake daidaita sunayen ƙauyuka da gidajen taswira, a rani ake gwada cire wayar intanet a ga abin da allo zai ce. Idan aka bari sai Agusta, ruwan ya riga ya baro Filato.